Maƙoƙo: ciwo a wuya, illa a ƙwaƙwalwa

Akwai ma'aikacin da abokan aiki suka sani da kaifin basira, wanda ke riƙe da lambar kowace takarda a ka. Sannu a hankali sai ya canza: gyangyaɗi bisa tebur tun da hantsi, takarda ta kwana uku a gabansa bai sa mata hannu ba, in an yi masa tambaya sai an ƙosa kafin amsa ta fito. Ana tsakiyar zafin watan Afirilu amma shi yana roƙon a kashe fanka. Shugaban biro ya ce lalaci ne, uwargida ta ce tsufa ne ya zo da wuri.

Akwai kuma Hajiyar da ta shekara ashirin tana lissafin atamfa ba tare da alƙalami ba, mai haƙuri da masu ciniki. Kwatsam sai ta zama mai saurin fushi, hannunta na karkarwa in tana ƙirga kuɗi, dare ya raba ba ta runtsa ba, tana cin tuwo kamar mutum biyu amma zane na kwance mata a ƙugu. Dangi suka rabu biyu: wasu suka ce iska ce, wasu suka ce hannun kishiya ne.

Irin waɗannan labarai ba baƙi ba ne a Maraɗi ko Damagaram, Tawa ko Yamai. Abin da jama'a da dama ba su sani ba shi ne, mutanen nan biyu, duk da halinsu ya sha bamban, yana yiwuwa ciwonsu daga wuri guda ya taso: wata ƴar tsoka da ke gaban wuya, wadda likitoci ke kira tiroyid. Ita ce idan ta kumbura Bahaushe ke cewa maƙoƙo. Maƙoƙo dai ido na ganinsa. Ɓarnar da tiroyid ke yi wa tunani da hankali kuwa a ɓoye take, shi ya sa ake daɗewa ana neman magani inda ba ya nan.

Ƴar ƙarama mai babban aiki

Tiroyid tana ƙarƙashin zakaran wuya, ta rungumi maƙogwaro, siffarta kamar malam-buɗe-littafi ya buɗe fikafikai. A jikin babban mutum nauyinta wajen giram 20 ne, kwatancin ƙwayar sukari uku ko huɗu. Aikinta shi ne ta tsamo wani sinadari daga jini, wato iyod, wanda a Najeriya ake kira aidin, ta haɗa sinadarai biyu da shi, T4 da T3, ta zuba su cikin jini. Su ne ke tsara saurin aikin kowace gaɓa: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkewar abinci, har da saurin tunani.

Ita ma tiroyid tana da mai ba ta umurni. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata ƴar halitta mai girman ƙwayar wake, ipofiz, wadda ke aika saƙo mai suna TSH. Idan T4 ya yi ƙaranci a jini, sai ta ƙara saƙon. Idan ya yi yawa, sai ta rage. Saboda haka ne awon TSH ya zama awon farko da likita ke nema: in ya hau, alamar tiroyid ta gaza ce, in ya faɗi ƙasa ƙwarai, alamar ta wuce gona da iri.

Ƙwaƙwalwa na daga cikin manyan masu buƙatar waɗannan sinadarai. T4 na shiga cikinta, a can take mayar da shi T3 gwargwadon abin da take so. A jikin ɗan tayi da jariri, da shi ake gina ƙwaƙwalwar kanta: shi ke taimaka wa ƙwayoyinta su isa mazauninsu, su yi rassa, su kuma samu rufin da ke sa saƙo ya yi gudu a cikinsu, kamar robar da ke rufe wayar lantarki. A jikin babba kuwa gini ya riga ya ƙare, aikin sinadarin shi ne daidaita tafiyar injin. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin zancen: illar da ta samu babba mafi yawanta tana warkewa da magani, wadda ta samu jariri kuwa, idan aka makara, ta zauna ke nan.

Idan wuta ta yi ƙasa

Gazawar tiroyid ba ta zuwa da kururuwa. Watanni take ɗauka, wani lokaci shekaru. Mutum ya riƙa jin kasala da yawan barci, sanyi ya dame shi, fata ta bushe, gashi ya zube, ciki ya ɗaure, murya ta yi kauri, fuska ta ɗan kumbura, jiki ya ƙara nauyi ba tare da ya ƙara ci ba. A wajen mata, al'ada kan rikice ko ta yi yawa, ɗaukar ciki ya yi wuya.

A fannin tunani kuwa, abin da ya fi fitowa shi ne nawa: nawar magana, nawar fahimta, mantuwa, rashin iya tattara hankali wuri guda, da baƙin ciki marar dalili. Idan dattijo ne, sai a ce gigin tsufa ne, a haƙura. Idan abin ya yi tsanani yana iya kai wa ga taɓin hankali sosai. A shekarar 1949 wani likitan Ingila mai suna Richard Asher ya bayyana labarin marasa lafiya 14 da aka kawo asibiti da ruɗewa da zargin mutane da jin muryoyi, alhali tushen ciwonsu gazawar tiroyid ce, kuma da yawansu sun dawo hayyacinsu bayan an ba su sinadarin da suka rasa. Tun daga lokacin ya zama ƙa'ida a duba tiroyid kafin a yanke wa mutum hukuncin hauka ko gigin tsufa.

Dalilan gazawar suna da yawa. A ƙasashen da iyod ya yi ƙaranci, rashinsa ne kan gaba. Inda ya wadata kuwa, babban dalili shi ne cutar da likitan Japan Hakaru Hashimoto ya bayyana a 1912, inda garkuwar jiki ke juyowa ta riƙa cin tiroyid a hankali. Akwai kuma gazawar da ke biyo bayan fiɗa, da wadda wasu magunguna ke haddasawa, kamar litiyom da ake bai wa masu wani nau'in taɓin hankali, da amiyodaron na masu ciwon zuciya. Mata sun fi maza kamuwa da cututtukan tiroyid ninki biyar ko fiye.

Idan wuta ta yi yawa

Ɗaya gefen kuma shi ne tiroyid ta riƙa zuba sinadari fiye da ƙima. Mafi yawanci sanadin shi ne cutar da likitocin ƙasashe masu amfani da Faransanci ke kira Basedow, da sunan likitan Jamus da ya bayyana ta a 1840. Masu amfani da Ingilishi kuwa suna ce mata Graves, da sunan likitan Dublin da ya riga shi a 1835. Tsohon maƙoƙo mai ƙulli-ƙulli shi ma yakan fara aiki ba bisa umurni ba.

A nan komi gudu yake yi. Zuciya na dukan uku-uku ko mutum na zaune, gumi na zuba, yatsu na karkarwa, ga yawan zuwa bayan gida, ga rama duk da ci. Wasu idanunsu kan firfito. Ƙwaƙwalwa kuwa kamar dokin da aka sakar wa linzami: fargaba ba dalili, rashin barci, saurin fushi da saurin kuka, tunani na tsalle daga wannan zuwa wancan. Ɗan kasuwa a irin wannan hali yana iya ƙulla cinikin da zai yi nadama, ko ya ɓata da abokin hulɗar shekaru a kan abin da bai kai ya kawo ba. Aure da dama kan shiga tangal-tangal kafin a gane ciwo ne. A wajen tsofaffi alamun kan zo a juye: maimakon zafin rai, sai shiru da rashin kuzari da rama da rikicewar bugun zuciya.

Akwai kuma haɗari na gaggawa. Wanda ke da wannan ciwo bai sha magani ba, ko ya daina sha, idan wata cuta ko haihuwa ko fiɗa ta same shi, yana iya faɗawa cikin zazzaɓi mai zafi da bugun zuciya mai tsanani da gushewar hankali. Wannan ba ya jiran wayewar gari, asibiti ake nufa nan take.

Matan da suka haihu ma suna da nasu kaso. Kusan ɗaya cikin ashirin kan samu kumburin tiroyid a cikin shekarar farko bayan haihuwa: da fari aiki ya yi yawa, daga baya ya gaza. Mai jego da ta kasa barci, ko ta shiga baƙin ciki da mantuwa, ta cancanci a auna jininta kafin a ce wahalar goyo ce kawai.

Inda asarar ta fi girma

A watanni ukun farko na ciki, ɗan tayi ba ya da tiroyid mai aiki. Tasa ba ta fara aiki sai wajen mako na 12, ba ta kuma yin ƙarfi sai tsakiyar ciki. Duk tsawon wannan lokaci ƙwaƙwalwarsa da T4 na uwa ake gina ta. Shi ya sa hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce babban mutum na buƙatar mikrogiram 150 na iyod a rana, mai ciki da mai shayarwa kuwa 250. Abin ba yawa: duk abin da mutum ke buƙata tun daga haihuwa har tsufa bai cika ƙaramin cokali ba. Amma rashin wannan ɗan kaɗan shi ne, a cewar hukumar, babban sanadin naƙasar ƙwaƙwalwa da ake iya kauce wa a duniya.

Idan rashin ya yi tsanani, ana haifar yaro mai naƙasar hankali, gajere, sau da yawa kurma kuma bebe, mai taurin gaɓoɓi. Idan bai yi tsanani ba, ido ba ya ganin komi, sai an sa yaro lakwal ake ganin yana baya. Wani nazari na 1994 da ya tattara bincike-bincike daga ƙasashe daban-daban ya samu tazarar maki 13,5 a ma'aunin basira tsakanin al'ummomin da ke fama da rashin iyod da waɗanda suka wadata. A 1999 kuma wani bincike a Amurka ya nuna ƴaƴan matan da tiroyid ɗinsu ta gaza lokacin ciki ba a yi musu magani ba sun kasa takwarorinsu da wajen maki 7. Tun a 1971 aka buga sakamakon wani gwaji a tsaunukan Papuwa Niyu Gini, wanda ya tabbatar da cewa allurar mai mai ɗauke da iyod, idan an yi wa mace kafin ta ɗauki ciki, tana hana wannan naƙasa.

Ban da rashin iyod, a cikin kowace haihuwa 2.000 zuwa 4.000 akan samu jariri guda da aka haifa ba tiroyid, ko da wadda ba ta aiki. A lardin Kebek na Kanada aka fara auna jinin dukkan jarirai a 1974, da ɗigo kaɗan daga dunduniya. Idan aka fara magani cikin makonni biyun farko, yawanci yaron na tashi da basira kamar kowa. Inda ba a yin wannan awo ga kowane jariri, idon uwa da na ungozoma su ne madogara: jaririn da shawara ta daɗe a jikinsa, mai yawan barci, marar son mama, mai babban harshe da fitar cibiya da ɗaurewar ciki da kuka mai kauri, a gaggauta kai shi likita.

Gishiri, gero da ƴan kasuwa

Taskar iyod teku ce, Nijar kuwa ba ta da gaɓar teku, kifin teku ba abincin talaka ba ne. Ga kuma wani abu da ya shafi tukunyar kowane gida: binciken da aka yi a yankin Darfur na Sudan a shekarun 1980 ya nuna gero na ɗauke da wasu sinadarai masu rage wa tiroyid ƙarfin amfani da iyod. Rogon da ba a jiƙa aka sarrafa da kyau ba shi ma haka, kamar yadda aka gani a arewacin Kwango. Wannan ba ya nufin a bar fura da tuwo. Abin nufi shi ne, mai rayuwa bisa gero ya fi kowa buƙatar iyod ɗinsa ya cika.

Hanyar cika shi mai sauƙi an daɗe da gano ta. Ƙasar Suwis, wadda maƙoƙo ya addabi mazauna tsaunukanta, ta fara sa iyod cikin gishiri a 1922, jihar Mishigan ta Amurka ta biyo baya a 1924. Taron ƙoli na duniya kan yara da aka yi a Niyu Yok a 1990 ya ɗauki alkawarin kawar da matsalar, OMS da UNICEF suka ba da shawarar a sa iyod cikin duk gishirin da ake ci. Najeriya ta wajabta haka a 1993, Nijar ma ta kafa tata dokar a tsakiyar shekarun 1990.

Doka a takarda daban, gishirin da ke cikin miya daban. Gishirin gargajiya, irin kantu da beza na Bilma da Fashi da ayarin raƙuma ke kawowa, ko na Tigidda da na Foga, ba ya da iyod isasshe sai in an ƙara masa. Wanda ake shigowa da shi cikin buhuna kuwa, ba kowanne ke cika ƙa'ida ba, kuma ko mai kyau ne, laima da rana da daɗewa a buɗe suna rage masa ƙarfi. A nan ne nauyi ya hau kan ɗan kasuwa da ma'aikacin duwan. Akwai ruwan gwaji mai araha, ɗigo ɗaya bisa gishiri: in akwai iyod sai wurin ya yi shuɗi. Duk buhun da ya ƙetare iyaka ba a gwada ba, ribarsa ta mutum guda ce, asararsa kuwa ta ƴaƴan gari ce.

Sai dai a kiyaye abubuwa uku. Ba a ce a ƙara cin gishiri ba, domin OMS ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana saboda hawan jini. Gishiri mai iyod riga-kafi ne, ba ya warkar da Hashimoto ko Basedow, ba ya narkar da tsohon maƙoƙo. Kuma iyod ɗin da ya wuce ƙima shi ma yana tayar da tiroyid ga masu tsohon maƙoƙo, kamar yadda aka gani a Zimbabuwe a shekarun 1990.

Magani, da abin da shi ma yake yi wa hankali

Fiɗa ce ta fara koya wa likitoci darajar tiroyid. A 1883 Theodor Kocher na birnin Bern ya bayyana cewa mutanen da ya cire wa tiroyid gaba ɗaya sun koma masu nawa da dushewar hankali. Ya canza salon aikinsa, daga baya ya samu lambar Nobel a 1909. A 1891 kuma George Murray a Ingila ya yi wa wata mata allurar ruwan tiroyid na tumaki, ta farfaɗo, ta ƙara shekara 28 a duniya.

Yau maganin gazawa ƙwaya ɗaya ce a rana, lebotiroksin, wadda ita ce T4 ɗin da jiki ya rasa. Ana shan ta da ruwa zalla, ciki ba komi, rabin awa zuwa awa guda kafin karin kumallo. Kafe da madara da awara suna rage shigarta jini. Ƙwayar ƙarin jini da ta kalsiyom kuwa sai a bar awa huɗu tsakani. Zafi na lalata ta, don haka ba a barin ta cikin mota ko aljihu, ba a kuma sayen ta bisa tire a bakin tasha. A watan azumi a nemi shawarar likita kan lokacin sha. Mace mai shan ta idan ta ɗauki ciki, kada ta daina: buƙatarta ƙaruwa take yi, ta sanar da likita tun makonnin farko.

Maganin ba ya aiki dare ɗaya. Sai bayan mako 6 zuwa 8 ake sake awo a daidaita, kuma tunani kan ɗauki watanni kafin ya koma yadda yake. Ga yawancin mutane shan sa na tsawon rai ne. Wanda ya ji sauƙi ya daina, mantuwa da kasala za su dawo. Wanda ya ƙara da kansa don neman kuzari ko rage ƙiba kuwa, ya sayi fargaba da rashin barci da rikicewar zuciya da raunin ƙashi. Akwai kuma ƴan kaɗan da awonsu ya daidaita amma ba su daina jin nauyin kai ba. A irinsu likita kan nemi wani dalili, kamar ƙarancin jini, ciwon sukari ko ciwon damuwa. Ba kowane ɗan hawan TSH ke buƙatar magani ba: wani gwaji da aka buga a 2017, kan mutum 737 masu shekara 65 zuwa sama, bai ga wani sauƙin gajiya ba ga waɗanda hawan nasu kaɗan ne.

Ga wanda tiroyid ta yi wa yawa, hanyoyi uku ne. Ta farko ƙwayoyi irin karbimazol, na tsawon wata 12 zuwa 18, tare da furofuranolol a farko don kwantar da zuciya da karkarwa. Mai shan karbimazol idan ya ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ya dakata ya je a auna jininsa a ranar, domin a wasu ƴan kaɗan maganin na karya ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Idan kuma ƙarfinsa ya yi yawa, sai mutum ya faɗa ɗaya gefen, daga zafin rai zuwa nawa. Ta biyu iyod mai tururin nukiliya, wanda aka fara amfani da shi a Boston a 1941, ba a kuma bai wa mai ciki ko mai shayarwa. Ta uku fiɗa. Bayan biyun ƙarshe, mutane da yawa za su buƙaci lebotiroksin har abada. Wanda aka yi wa fiɗa idan ya ji leɓɓa da yatsu na tsitstsira ko suna ƙagewa, alamar kalsiyom ya faɗi ce, ya koma asibiti.

Abin lura a nan shi ne, maƙoƙo da yawa ba sa taɓa aikin sinadari, kuma masu ciwon tiroyid da yawa wuyansu sumul yake. Ido ba ya raba gardama, awon jini ne ke rabawa, ana kuma yin sa a manyan asibitoci da ɗakunan awo na birane. Kuɗin awo da na mota nauyi ne ga mai ƙaramin ƙarfi, amma sau da yawa bai kai abin da iyali ke kashewa wajen yawon neman magani ba. Addu'a da zuwa likita ba su taɓa zama kishiyoyi ba. Shugaban da ya ga ma'aikacinsa ya canza hali, kafin ya rubuta masa takardar gargaɗi, ya ba shi izinin zuwa awo. Maigidan da ya ga iyalinsa ta sauya, kafin ya zargi wani, ya kai ta. Uwargida kuwa ta duba rubutun da ke jikin ledar gishiri, ta ajiye shi cikin mazubi mai murfi. Masu iya magana sun ce riga-kafi ya fi magani. Allah ya ƙara wa jama'a lafiya.